Motar Daji Mai Kama Wuta

A Amurka ana ƙera waɗansu ƙananan motoci musamman domin shiga daji da rairayi. Manoma suna aiki da su, matasa kuwa suna yawo da su.

A watan Afrilu na 2016, kamfanin Polaris ya yi shela cewa masu motocinsa samfurin RZR, wajen 133,000, su daina hawa nan da nan, su kai a gyara musu kyauta. Dalili kuwa, suna kama wuta ana cikin tafiya. An ba da labarin gobara fiye da 160. Wata yarinya 'yar shekara 15 ta rasu bayan motar ta kife, ta kama wuta.

Dokar ƙasar ta ce kamfanin da ya gano aibi mai haɗari ya sanar da hukuma cikin awa 24. Hukuma ta zargi Polaris da jinkiri, har a 2018 ya yarda ya biya tarar dala miliyan 27.25.

Tara ba ta mai da rai. Iyaye, in muka ji irin wannan shela game da abin hawanmu, mu ɓoye makulli sai an gyara, ko da yara za su yi fushi.