Kisa Ne Ko Santsi? Gardamar Doka a Fagen Dambe

Dokar dambe ba ta da yawa. Turmi uku ake yi. Hannu ɗaya ake naɗe wa zare, shi ke duka, ɗayan kuma a buɗe yake don kariya. Wanda ya faɗi, ko ya dafa ƙasa, ko gwiwarsa ta taɓa ta, an kashe shi, wasa ya ƙare. In turmi uku suka wuce babu kisa, a raba su. Iyakarta ke nan. Amma a teburin mai shayin da nake zama a Batagarawa, bakin titin Dutsin-ma, wannan 'yar dokar ce ke hana mu tashi da wuri duk daren da wani ya zo da sabon bidiyo daga gidan damben Ali Zuma na Dei-Dei ko daga Kano.

Ga inda ake saɓawa. Mutum ya kai naushi ya kuskure, ƙarfin naushin nasa ya ja shi ya dafa ƙasa, abokin karawarsa bai ko taɓa shi ba. Kisa ne? 'Yan ɓangarensa su ce santsi ne, 'yan ɗaya ɓangaren su ce ƙasa ba ta tambayar wanda ya kawo ka. To in an rungumi juna aka ture shi fa, ba da zare ba? In kuma dukan ya sauka daidai lokacin da alƙalin wasa ke shiga tsakani? Babu littafin da za a buɗe. Alƙali ne zai yanke nan take, kuma in ya yi jinkiri kaɗan, kalangu ya riga ya ɗauka, magoya baya sun cika fage, an fara liƙi. Wa zai iya mayar da wannan baya? Mu masu kallo a waya muna maimaita wurin har mu gaji, shi kuwa sau ɗaya ya gani, cikin ƙura.

Wani ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke zama da mu ya ce ai Turawa ma suna wannan musu, sai dai su a kan tebur. Wasan Dungeons & Dragons yake nufi, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kowa ya zama wani jarumi a cikin labari, mutum ɗaya yana ba da labarin yana alƙalanci, ana jefa ƙwaya irin ta ludo don a san ko duka ya samu. A bugun 2014, naushin mutum maki ɗaya ne tak, sai abin da ƙarfinsa ya ƙara masa, alhali dogon takobi yana iya ba da takwas. Aka yi ta jayayya ko dunƙulen hannu makami ne, har mawallafan wasan suka gyara littafin suka cire naushi daga jerin makamai. A bugun 2024 kuma suka ƙara wa jarumin da ya ƙware a faɗan hannu ƙarfin duka. Su da suka rubuta komai shafi-shafi, gardama ba ta bar su ba.

Abin da ya fi burge ni a damben gargajiya shi ne yadda yake daidaita 'yan wasa ba tare da sikeli ba. Ana fitowa ne ɓangare-ɓangare, Kudu, Arewa, Guramada, Jamus. Ɗan dambe ya yi kirari, ya taka ya nemi wanda yake so su sa zare, wancan kuma yana da damar ya ƙi. Iyayen gidansa na iya janye shi su ce ba sa'ansa ba ne, domin sunan yawancinsu ɗaure yake da na wani babba, Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, kuma faɗuwar yaro ta maigida ce. Babban ɗan wasa ma ba ya son yaro. In ya buge shi ba a yi masa waƙa, in yaron ya buge shi an samu labarin shekara. Kunya da lissafin suna su ne ma'auni, kuma a haka aka samu irin su Shago da Ɗandunawa, waɗanda waƙoƙin Ɗan Anace suka sa har yau ana ambatonsu.

Sababbin masu shirya gasa, irin African Warriors ta Maxwell Kalu, sun kawo ajin nauyi da agogo da maki da likita a bakin fage. Likita da duba zare kafin a fara, waɗannan na yarda da su ɗari bisa ɗari, domin an daɗe ana zargin cusa abubuwa a hannu, kuma kan ɗan adam ba turmin daka ba ne. Maki ne ban gamsu da su ba. Da an ce wanda ya fi yawan taɓa jiki shi ya ci, sai ɗan wasa ya daina jiran duka ɗaya mai kisa, ya koma tsinta kaɗan-kaɗan yana ja da baya har agogo ya cece shi. Sikeli kuma zai kare ƙananan yara daga rauni, amma da shi ba za a ƙara ganin siririn Baguramade ya taka ya nemi ƙaton da ya ninka shi ba.