Jinyar Kifin Ado: Ruwa Za A Fara Dubawa Kafin Magani

Daga Wakilinmu

Kwanan baya aiki ya kai ni Ikko, na sauka gidan wani yayana a Agege, sai na tarar da ɗansa mai shekara tara ya tasa wata kwalba gaba, ya yi tagumi, ya ƙi cin tuwo. A cikin kwalbar akwai wani ɗan kifi ja, bai wuce tsawon yatsa ba, yana kwance a ƙasa, jelarsa ta yayyage, gefenta ya yi baƙi kamar tsumman da wuta ta lasa. Uban ya ce mini mako uku ke nan da ya saye shi a hannun wani mai talla, wanda ya rantse masa cewa kifin nan ko a kofin shayi aka sa shi zai rayu.

To, wannan magana ita ce ta kusa kashe shi. Sunan kifin betta, waɗansu kuma suna ce masa kifin faɗa, saboda maza biyu ba sa zama wuri ɗaya. Asalinsa daga fadamun shinkafa ne na ƙasar Tailan da maƙwabtanta, watau ƙasar da ake kira Sayam kafin 1939, kuma a 2019 gwamnatin can ta ɗauke shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Yana da wata halitta a kansa da yake shaƙar iska da ita daga saman ruwa, kusan yadda muka san tarwaɗa tana yi. Shi ya sa yakan daɗe bai mutu ba a ruwan da zai kashe wani kifin, mai shi kuwa ya zaci lafiya lau yake, alhali wahala yake sha.

Abin da ke faruwa shi ne, kashinsa da ragowar abinci suna ruɓewa su zama wani dafi da ake kira amoniya. Ido ba ya ganinsa, ruwan yana iya zama garau. A ƙaramar kwalba dafin nan yakan taru cikin 'yan kwanaki, ya raunana kifin, daga nan ƙwayoyin cuta su kama fikafikai da jela suna ci. Saboda haka wanda ya ruga sayen magani ya bar ruwan yadda yake, kuɗinsa ya zubar.

Ga abin da muka yi. Muka samo akwatin gilashi mai cin lita 20, muka rufe shi da murfi mai ƙofar iska, domin betta yana tsalle. Ruwan famfo akan sa masa kulorin, wanda ke ƙona wurin numfashin kifi, don haka sai an ɗiga maganin kashe kulorin da masu sayar da kifin ado ke da shi. Kullum mukan ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, mu zuba sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Kada a juye duka a lokaci ɗaya, kada kuma sabulu ya kusanci akwatin. Ɗumin da yake so digiri 25 ne zuwa 28. Zafin Ikko ya ishe shi, amma ɗaki mai iyakwandishan, ko darare na hunturu ga wanda ya tafi da shi gida Kano ko Jos, suna iya kwantar da shi.

Muka kuma jefa busasshen ganye guda na itacen nan mai faɗin ganye da yaran kudu ke kira furut, bayan mun wanke shi. Masu kiwon betta a Tailan sun daɗe suna amfani da shi. Yakan mai da ruwan kamar shayi, kada wannan ya tsorata kowa. Ni dai ban ɗauke shi magani ba, taimako ne kawai.

Akwai cututtukan da canjin ruwa kaɗai ba ya isar musu. In aka ga ɗigo-ɗigo farare kamar an barbaɗa masa gishiri, kifin yana goga jikinsa da dutse, wata ƙwaya ce ta kama fatarsa, sai an sayo maganinta. A ci gaba da sawa 'yan kwanaki bayan ɗigon ya ɓace, domin maganin ba ya kashe ƙwayar sai lokacin da ta bar jikin kifin tana yawo a ruwa. In cikinsa ya kumbura yana iyo a karkace, yawanci ƙoshi ne ya yi yawa, sai a hana shi abinci kwana biyu ko uku. Yara kan ɗura masa don ƙauna, alhali ƙwaya uku ko huɗu sau biyu a yini sun wadatar. Amma in ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye kamar bayan abarba, to, ciwon ya kai ga kayan ciki, kuma da wuya ya tashi. Gara a gaya wa yaro gaskiya tun da wuri.

Na kwana shida a gidan. Ran na huɗu kifin ya taso ya karɓi abinci. Bayan na komo Kaduna da kamar wata guda, yaron ya karɓi wayar ubansa ya ce, “Baffa, jelar tana tsirowa, amma fara ce, ba ja ba.” Na ce masa haka sabon tsiro yake farawa, launin yana biyowa baya, ya dai riƙa canja rubu'in ruwan kowace Asabar.