FILIN MANOMA: A Kashe Tsatsa Kafin A Shafa Wa Akori-Kura Fenti

Jama'a manoma, wannan mako za mu ɗan bar maganar shuka mu dubi jakin da ke kai amfanin gona kasuwa, watau akori-kura. Da yawa cikinmu, manoma da fatake har da malaman ofis masu 'yar gona a bayan gari, suna da tsohuwar mota irin wannan. In kaka ta wuce kuɗi ya shigo hannu, sai mutum ya ga motarsa ta yi furu-furu, ya kai ta wurin mai fenti ya ce a fesa. Ta fito tana walƙiya. Damina ɗaya tak, sai a ga fentin ya yi ƙuraje, ya soma ɓarewa. Kuɗi ya tafi, cuta tana nan.

Dalili kuwa shi ne fenti riga ne kawai, ba ya warkar da gyambo. Aikin da ke sa fenti ya daɗe duk a ƙarƙashinsa ya ke, kuma yawancinsa mutum zai iya yi da hannunsa a gida, ya rage kuɗin da zai ba masu sana'a.

Abin Da Ya Sa Ta Cancanci Wahala

Peugeot 404 ta fara fitowa a Faransa cikin 1960, 504 ta biyo baya cikin 1968, shekarar da Toyota Hilux ta fito a Japan. Cikin 1975 aka soma haɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna, shi ya sa makanikai da suka san cikinsu suka yawaita a ƙasar nan. An daina ƙera 404 da 504 tuni, amma har yanzu a kan ga akori-kurarsu tana ɗauke da buhuna zuwa Dawanau. Injinsu ba shi da wuyar sha'ani, kuma a kan dace da kayan gyaransu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna. Inji in ya gaji a kan sāke shi. Abin da ke kai irin motocin nan kushewa shi ne ruɓewar ƙarfe.

Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya gamu da ruwa da iska, gishiri kuwa ya kan ƙara mata sauri. To, motar manomi ita ce ta fi shan wannan. Takin zamani yana jawo laima daga iska, kuma irin NPK galibi akwai wani ɗan'uwan gishiri a cikinsa. Buhu ɗaya ya fashe, garin ya shiga lungunan akwatin baya, ya zauna yana ci. Haka fitsarin awaki da tumaki, da takin gida, da lakar fadama da ke maƙalewa ƙarƙashin madigadi tana riƙe da ruwa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kumburi, shi ya sa ta kan tura fenti ya yi ƙurji. In ka ga ƙurji a waje, to, ka sani ɓarnar da ke ciki ta fi shi faɗi.

A Fara Duba Ƙashi

Kafin ka kashe ko sisi, ka wanke motar ciki da waje da ƙarƙashi, ka bar ta ta bushe. Sa'an nan ka dubi shasi, watau dogayen ƙarafan da jikin motar ke zaune a kansu. Ka bi su da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ya kan yi ƙara ƙal-ƙal, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji tim, wani lokaci ɓarɓashi ya zubo. Ka fi mai da hankali ga wurin da sifirin ke kame da shasi, da inda akwatin sitiyari ya ke ɗaure. In wuraren nan sun ruɓe, ka dakatad da maganar fenti, ka kira gwanin mai walda ya gani tukuna. In ya ce ba ta gyaruwa, ka ji maganarsa, gama motar da za ta karye da lodi da mutane a kan hanya ba abin yi wa ado ba ce.

In ƙashi lafiya lau, sai jiki. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa wajen ƙafar direba, ka duba gindin ƙofofi, da gefen gilashin gaba, da mazaunin batir, da daɓen akwatin baya. Ka bi jikin da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cika wurin da bodi-fila mai kauri, watau ƙullun nan da a ke toshe lotsawa da shi, kuma sau da yawa rami ne a ƙarƙashi. Amma wannan dabara ba ta aiki ga tsohuwar Land Rover, don yawancin jikinta na alminiyum ne, ba ya kama maganaɗisu. Ita shasinta da bangon da ke tsakanin inji da direba su ne ke tsatsa. Duk inda ka sami aibu ka zagaye shi da alli.

Inji da birki da wayoyin wuta a gama da su kafin fenti. Man birki yana cin fenti, makaniki kuma ba ya rasa goga sifana a jikin mota.

Kwancewa Da Kankarewa

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan an gama kwasar amfanin gona, sa'ad da hunturu ya busar da iska, don tsatsa ba ta saurin komowa kan ƙarfen da aka kankare. Ka cire kan batir tukuna. Ka kwance bamba, da fitilu, da madubai, da hannuwan ƙofa. Kusoshin ko wane wuri ka zuba su a gwangwani dabam ka rubuta sunan wurin, ka kuma ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance, gama bayan wata biyu ba za ka tuna ba. Notin da ya cije kada ka tilasta shi, ka jiƙa shi da kananzir ya kwana. In akwatin baya yana ciruwa, ka tara maza ku sauke shi, sai shasi ya fito fili. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A tokare ta da kututturan itace masu ƙarfi, a sa duwatsu gaban taya da bayanta.

Ka wanke maiƙo da garin sabulu tun ba ka sa samfefa ba, in ba haka ba sai ka cusa man cikin ƙarfe, fenti kuma ba ya kama wurin da ke da mai. Mazaunin batir ka wanke shi da ruwan kanwa don ya kashe kaifin ruwan batir, ka ɗauraye sosai, ka shanya.

Ba dole ne a kankare fentin motar duka ba. Inda tsohon fenti ya ke kame daram, a goge shi kawai har ƙyallinsa ya mutu. Inda akwai ƙurji ko tsaga, a bi shi da burushin ƙarfe da samfefa mai lamba 80 har a ga farin ƙarfe, a wuce gefen tsatsar da kamar faɗin yatsa biyu. Wurin da ya yi 'yan ramuka kamar zanzana, akwai ruwan maganin tsatsa da masu sayad da fenti ke da shi, wanda ke mai da jar tsatsa baƙa. A shafa bayan an kankare, don ba ya ratsa ɓawo mai kauri. Ƙarfen da aka tsiraita kada ya kwana haka nan, a shafa masa fentin fari, wanda masu sana'a ke kira firama, a ranar.

Ga wani gargaɗi mai nauyi. Tsofaffin fenti da yawa, musamman ja da rawaya, akwai dalma cikinsu. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara cikin 2010 ba, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma, wanda aka riƙa niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka kada a yi wannan aiki a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ko kusa da rijiya da shanyar hatsi. A shimfiɗa leda a tara ƙurar, a rufe hanci da baki, a wanke hannu kafin a ci abinci, kayan aiki kuma a wanke su dabam.

Rami Sai Walda

Duk inda ƙarfe ya huje, magani ɗaya ne: a yanke ruɓaɓɓen har a kai ga mai lafiya, a sa sabon faranti mai kauri daidai da na asali, a yi walda. Kada ka yarda a liƙa maka kwanon rufi ko gwangwani a shafe da bodi-fila. Kwanon rufi ba shi da kauri, kuma hayaƙinsa in ya sha wuta yana sa zazzaɓi. Kafin a kunna wuta a sauke tankin mai a kai shi nesa. Tankin da babu mai cikinsa ya fi cikakke haɗari, don tururin fetur shi ke fashewa. A cire kujera da shimfiɗa, a ajiye bokitin yashi kusa.

Lotsawa kuwa a buga ta daga ciki har ta kusa komawa daidai, sa'an nan bodi-fila ya cike sauran. Kaurinsa kada ya wuce kamar milimita 3. Wanda aka laɓta da kauri, gargadar hanyar ƙauye za ta tsaga shi, ruwa ya shiga. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, don cikin 'yan mintoci ya ke daskarewa, da zafi ma ya fi sauri. A goge shi a bushe, gama yana shan ruwa, da lamba 80 sa'an nan 180, a naɗe samfefar a jikin katako mai faɗi. Yatsu su kan bar kwari. In kana so ka san ko wuri ya daidaita, ka rufe ido ka shafa da tafin hannu, hannu ya fi ido gani a nan.

Bayan haka a fesa firama ko'ina, ta bushe, a goge da lamba 320 ko 400. Kada a ce kuɗi ya ƙare a shiga damina da firama kaɗai. Yawancinta tana tsotsar laima, sai tsatsa ta tashi a ƙarƙashi, aikin wata biyu ya tafi a banza.

Ranar Fenti

Hazon hunturu abokin mai kankara ne, amma abokin gāban mai fenti ne, don ƙura ta kan zauna kan ɗanyen fenti. Rana tsaka ta bazara ma ba ta yi, sa'ad da zafi ya kan kai digiri 40, fenti ya bushe tun bai kwanta ba. A zaɓi safiyar da iska ta kwanta, bayan hazo ya ɗauke kuma ruwa bai sauka ba, a cikin rumfa, a yayyafa wa ƙasa ruwa. Fentin zamani da a ke haɗa shi da maganin daskarewa yana da illa ƙwarai ga huhu, ƙyalle a hanci ba ya tare shi. Wannan a bar wa mai fenti da ke da kayan kariya. Firama da fenti da tina su zama masu jituwa, ka tambaye shi tun ba ka sayi komi ba. Shasi da cikin akwatin baya kuwa, burushi ya isa, kai da kanka.

Malaman ofis sun san wannan, amma a tuna wa sauran: lambar shasi kada a goge ta ko a binne ta da fenti, kuma launin mota yana rubuce cikin takardunta. Wanda ya ke so ya sāke launi ya je ofishin lasisi a gyara takarda, kada ya sha tambaya a hanya.

In an gama, sai kiyayewa. A buɗe 'yan ramukan da ke gindin ƙofofi da na akwatin baya don ruwa ya riƙa fita. A zuba mai ko giris cikin kogon shasi, amma bayan fenti ya bushe, kuma kada ya taɓa roba ko birki. A shimfiɗa katako ko tamfol kafin a ɗora taki ko dabbobi, a wanke akwatin a ranar da aka sauke su. Bokiti biyu na ruwa sun fi faranti da walda araha.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kasuwa lafiya.