Famfon da Ake Dasawa a Jiki Domin Sauƙaƙa Raɗaɗi

Duk gidan da ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san daren da ba ya wayewa. Majinyaci na nishi, an ƙara masa ƙwayoyi har sun gusar masa da hankali, raɗaɗi kuwa yana nan daram. Saboda irin waɗannan bayin Allah ne likitoci suka nemo wata hanya.

A shekarar 1979, a asibitin Mayo da ke Amurka, aka zuba morfin kai tsaye cikin ruwan da ke kewaye da laka, raɗaɗin masu ciwon daji ya lafa. Dalili kuwa, ta laka saƙon ciwo ke bi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Idan an tare shi a nan, ɗan kaɗan ya wadatar. Likitoci kan ƙiyasta cewa miligiram 1 a laka yana aikin kusan 300 da aka haɗiya.

Na'urar ƙaramin famfo ce mai faɗin tafin hannu. Ana dasa ta ƙarƙashin fatar ciki, siririn bututu ya zagaya zuwa ƙashin baya, tana ɗiga magani dare da rana. Samfurin SynchroMed II na kamfanin Medtronic yana ɗaukar mililita 20 ko 40, batirinsa bai wuce shekara 7 ba. Ban da morfin, akan zuba zikonotid, wanda aka kwaikwayo daga dafin wani dodon koɗin teku, aka kuma amince da shi a 2004. Ikon Allah ke nan!

Sai dai mu yi hattara. Wajen dashen kan kamu da ƙwayoyin cuta, bututu kan toshe, wani lokaci kumburi ya fito a bakinsa ya danne laka. Maganin kuma ƙarewa yake yi. Duk bayan wata ɗaya zuwa uku, galibi, sai gwani ya cika famfon da allura ta cikin fata. Yankewarsa farat ɗaya haɗari ce babba, musamman baklofen da ake ba masu sandarewar gaɓoɓi, domin tana iya kai wa ga rasa rai.

Nan ne damuwarmu take. A ƙasashenmu ko morfin na sha wuyar samu yake yi. Iyalin da suka haɗa kuɗi suka kai majinyaci Faransa ko Indiya, kafin su yarda a yi dashen, lalle su tambayi likita: in mun koma gida, wa zai cika famfon, kuma a wane gari?