Mahaukaciyar Guguwar Teku: Yadda Take Tasowa da Abin da Ya Wajaba a Yi Idan An Ba da Gargaɗi

A kowace shekara, daga ranar 1 ga watan Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ƙasashen da ke gaɓar yammacin Tekun Atilantika kan zauna cikin shirin ko-ta-kwana saboda mahaukaciyar guguwar da ke tasowa daga teku. Mun ga ya dace mu yi wa jama'armu bayani a kanta, domin akwai 'ya'yan jiharmu da ke karatu ko aiki a jihohin Amurka irin su Texas da Florida, akwai kuma 'yan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma duk waɗannan wurare suna kan hanyarta. Bugu da ƙari, yadda al'umma ke karɓar gargaɗin masana yanayi batu ne da ya shafe mu kai tsaye a nan gida.

Ita wannan guguwa tana da sunaye daban-daban gwargwadon inda ta taso. A Tekun Atilantika ana ce mata harikan, a yammacin Tekun Pasifik taifun, a Tekun Indiya kuwa saikulon, amma abu ɗaya ne. Tana samun ƙarfinta daga ɗumin ruwan teku, kuma sai zafin saman ruwan ya kai kimanin digiri 26 da rabi a ma'aunin Salsiyas kafin ta iya haɗuwa. Tururi kan tashi sama ya zama hadari, iska ta kwararo daga kowane ɓangare domin cike gurbin da ya bari, juyawar duniya kuma ta sa iskar ta riƙa kewayawa kamar ana juya tuwo a tukunya. Idan gudun iskar ya kai kilomita 119 a cikin sa'a guda, to ta cika mahaukaciyar guguwa. Daga nan ana auna ta bisa mataki biyar na ma'aunin da injiniya Herbert Saffir da masanin yanayi Robert Simpson suka tsara a farkon shekarun 1970. Mataki na uku yana farawa daga kilomita 178, na biyar kuma daga kilomita 252 zuwa sama.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tushen galibin waɗannan guguwoyi daga sararin samaniyarmu yake. A lokacin damina, bambancin da ke tsakanin zafin hamadar Sahara da sanyin iskar da ke tasowa daga Mashigin Tekun Gini kan haifar da wasu igiyoyin iska masu tafiya daga gabas zuwa yamma, ɗaya bayan ɗaya, kusan duk bayan kwana uku zuwa biyar. Su ne ke ɗauke da manyan hadura irin waɗanda muke gani sun taso daga gabas sun ratsa Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya. Idan suka fice ta gaɓar Senegal suka faɗa teku, yawancinsu kan mutu, amma kaɗan daga ciki kan sami ruwa mai ɗumi su girma. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atilantika daga waɗannan igiyoyi suke farawa. Saboda haka hadarin da ya shayar da gerommu a watan Agusta yana iya zama shi ne ya yaye rufin wani a tsibiran Karebiyan bayan mako biyu. Mu kuwa ba ta iso gare mu, domin iska tana kora ta yamma ne, sannan gaɓar tekunmu ta yi kusa da tsakiyar duniya, inda ƙarfin da ke sa iska kewayawa ba shi da yawa.

A Amurka, Cibiyar Sa Ido kan Mahaukaciyar Guguwa ta Ƙasa da ke birnin Miami ita ce ke bin sawun kowace guguwa ta hanyar tauraron ɗan'adam da jiragen sama masu kutsawa har cikin tsakiyarta. Sanarwarta iri biyu ce, kuma wajibi ne baƙo ya san bambancinsu. Ta farko ita ce ta faɗakarwa, wadda ake bayarwa sa'o'i 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara kaɗawa, ma'anarta guguwar tana iya zuwa. Ta biyu ita ce ta gargaɗi, sa'o'i 36 kafin lokacin, ma'anarta ana sa ran zuwanta. Akwai kuma taswirar da gidajen talabijin ke nunawa mai siffar mazurari, wadda ta sha ruɗa mutane. Abin da take nunawa kawai shi ne inda ake zaton tsakiyar guguwar zai bi. Ɓarnar kuwa tana iya kaiwa ɗaruruwan kilomitoci a wajen zanen, don haka kada wanda ya ga garinsu a gefe ya ɗauka ya tsira.

Haka nan, kada a dogara da lambar mataki. Ma'aunin nan ƙarfin iska kaɗai yake aunawa, alhali ruwa ne ya fi kashe mutane. Binciken da aka yi kan mace-macen shekaru hamsin a Amurka ya nuna cewa kusan tara daga cikin kowane mutum goma da guguwa ta kashe kai tsaye, ruwa ne ya ci su. Ruwan ta hanya biyu yake zuwa. Akwai tunkuɗowar teku, wato iska ta turo ruwan teku ya hau tudu ya shiga gari da tsayin da kan wuce na gida. Akwai kuma ruwan sama. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta tsaya cik a kan yankin Houston na jihar Texas har kwanaki, ta zubar da ruwan da a wani wuri ya haura milimita 1,500, wato fiye da abin da yawancin garuruwan arewacin Nijeriya ke samu a damina guda. Sannan guguwa tana iya sauya ƙarfi cikin ƙanƙanin lokaci. A watan Oktoban 2023 guguwar Otis ta tashi daga ƙaramar iska zuwa mataki na biyar cikin kimanin yini guda, ta afka wa birnin Acapulco na Meziko.

Labarin Katrina ya isa misali. Ta haɗu ne a kusa da tsibiran Bahamas ranar 23 ga Agustan 2005, ta ratsa kudancin Florida tana mataki na ɗaya, sannan ta shiga Mashigin Tekun Meziko inda ruwa mai ɗumi ya kai ta mataki na biyar ranar 28 ga watan. Masana ba su ɓoye komai ba. Tun daren 27 ga watan shugaban cibiyar Miami na lokacin, Max Mayfield, ya buga waya da kansa ga hukumomin yankin, ciki har da magajin garin New Orleans, Ray Nagin, ya shaida musu girman abin da ke tafe. Amma ba a ba da umarnin tilasta wa kowa barin birnin ba sai da safiyar 28 ga watan, ƙasa da sa'o'i 24 kafin isowarta. Da asubahin ranar 29 ta sauka a jihar Louisiana tana mataki na uku. A gaɓar jihar Mississippi ruwan teku ya tunkuɗo da tsayin da ya haura mita takwas. A New Orleans, birnin da wani babban sashensa ke ƙasa da bakin teku, shingayen da ke tare ruwa suka ɓalle, kimanin kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Fiye da mutum 1,300 suka rasu, asarar dukiya kuma ta kai kimanin dala biliyan 125.

Ba za mu ce duk wanda ya zauna a birnin taurin kai ne ya zaunar da shi ba. Mafi yawan mazauna sun fita. Waɗanda suka rage, da yawansu talakawa ne marasa mota, ga shi kuma ƙarshen wata ne aljihu ya bushe, wasu kuma tsofaffi ne da marasa lafiya, kuma tsofaffin su ne suka fi yawa cikin mamatan. Amma akwai waɗanda suka ƙi tafiya saboda sun sha jin gargaɗi a shekarun baya guguwa ta kauce musu, ko saboda tsoron ɓarayi su shiga gida. A ganinmu, laifin ya rabu biyu: na hukumar da ta yi jinkiri kuma ba ta tanadi motocin kwashe marasa ƙarfi yadda ya kamata ba, da na mai iko da ƙafarsa da ya zaɓi ya tsare kayan ɗaki.

Harshen da aka yi gargaɗin da shi ma yana da muhimmanci. Lokacin da guguwar Haiyan ta afka wa ƙasar Filifin a watan Nuwamban 2013, an sanar da jama'a cewa teku zai tunkuɗo, amma da kalmar Ingilishi ta masana wadda mutane da yawa ba su fahimci ma'anarta ba. Fiye da mutum 6,000 suka halaka, da dama a birnin Tacloban. A wani ɓangaren kuma ga jihar Odisha ta ƙasar Indiya. A watan Oktoban 1999 guguwa ta kashe kusan mutum 10,000 a can. Gwamnatin jihar ta kafa hukumar kula da bala'o'i, ta gina matsugunan siminti a ƙauyukan gaɓar teku, ta horar da 'yan sa-kai masu bi gida-gida. Da guguwar Phailin ta zo a watan Oktoban 2013, an kwashe kusan mutum miliyan ɗaya zuwa tudun mun tsira, waɗanda suka rasu ba su kai hamsin ba.

To, mene ne ya kamata ɗanmu da ke irin waɗannan ƙasashe ya yi? Hausawa sun ce shirin zaune ya fi na tsaye. Tun kafin lokacin guguwa ya kama, ya tambayi hukumar garin ko unguwarsu tana cikin yankunan da ake kwashewa, ya san hanyar fita da inda zai sauka. Ya tanadi ruwan sha kimanin lita huɗu ga kowane mutum a kullum, na aƙalla kwana uku, da abincin da ba ya buƙatar girki, da magungunan masu ciwon suga ko hawan jini, da tocila da rediyo mai batir, da tsabar kuɗi a hannu, domin na'urorin cire kuɗi ba sa aiki idan wuta ta ɗauke. Fasfo da takardar izinin zama da takardun makaranta a sa su a leda mai hana ruwa shiga. Baƙon da ya rasa takardunsa ya fi ɗan ƙasa shan wahala. Idan an ba da sanarwar faɗakarwa, ya cika tankin mota, ya yi cajin waya, ya shigar da duk abin da iska za ta iya ɗauka, ya rufe tagogi da katako. Manna salatif a gilashi ba ya hana shi fashewa. Idan kuwa an ce a tashi, to a tashi nan take, kafin hanyoyi su cunkushe, a kuma leƙa maƙwabci tsoho ko marar abin hawa.

Wanda ba a umarce shi da tashi ba, ya zauna a ɗakin da ke tsakiyar gida, nesa da taga. Idan iska ta lafa farat ɗaya har rana ta fito, kada ya fita, domin mai yiwuwa idon guguwar ne ke wucewa, kuma ba da jimawa ba iskar za ta dawo daga ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. Bayan ta wuce ma haɗarin bai ƙare ba. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana tafiya da ƙaramar mota. Wayar lantarki da ta faɗo a cikin ruwa tana kisa. Janareta da aka kunna a cikin ɗaki ko gareji yana fitar da hayaƙi marar wari da ke kashe mutane cikin barci, abin da mu ma a nan ba baƙonmu ba ne.

A gida, namu bala'in shi ne iskar farkon damina mai yaye kwano da karya turakun lantarki, da kuma ambaliya. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da muhallansu, ta 2022 kuma ta kashe fiye da 600. A watan Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Muna da hukumomin da ke ba da gargaɗi. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara tare da hasashen kullum, ita kuma Hukumar Kula da Harkokin Ruwa, NIHSA, tana bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ke fuskantar barazanar ambaliya kafin ruwa ya kankama. Hasashe ba ya cika daidai kowane lokaci, kuma mun san akwai masu cewa an faɗa bara ba a ga komai ba. Amma kwana biyu a makarantar firamare ko gidan dangi ba tare da ruwa ya zo ba, asara ce da ake mayarwa.

Don haka muna kira ga dagatai da masu unguwanni da limamai da su riƙa isar da waɗannan sanarwoyi ga jama'a da harshen da suke ji, a faɗi sunan kogin, a faɗi sunan unguwar, a faɗi inda za a koma. Magidanta su duba rufinsu su ƙara ƙusa kafin hadarin farko, a sare reshen bishiyar da ya rankwafo kan ɗaki, a yashe magudanan ruwa da kwalbatoci, a daina zuba shara a cikinsu. Mazauna bakin kogi da fadama su ɗaga hatsi da takardun gona zuwa wuri mai tudu tun watan Yuli, su kuma amince a tsakaninsu kan wanda zai ɗauki tsofaffi da yara da wanda zai kora dabbobi idan an ce ruwa na tafe cikin dare.