Aikin Tiyata Kan Sankarar Dubura Idan Ta Dawo Kuma Ta Yaɗu

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi bayani ne a kan abin da tiyata ke iya yi wa mutumin da aka taɓa yanke wa sankarar dubura, daga baya cutar ta dawo, har ta tsallaka zuwa wasu sassan jiki. A unguwanninmu na cikin birnin Kano, irin su Goron Dutse da kewayenta, an fi ɗaukar irin wannan labari tamkar sanarwar ajali. Manufarmu ita ce mu nuna cewa ba kullum haka abin yake ba, kuma abin da ke raba mai samun waraka da wanda ba zai samu ba, galibi, shi ne lokacin da aka gano dawowar cutar.

2.0 Yadda Cutar Ke Dawowa

Abin da muke nufi da dubura a nan shi ne ƙarshen babban hanji, mai tsawon santimita 12 zuwa 15, wanda ke cikin ƙugu, maƙwabcin mafitsara, da mahaifa ga mace. Saboda ƙuncin wurin, yana da wuya a yanke ƙari ba tare da an bar ɓurɓushinsa ba. Ernest Miles na Landan ya bayyana aikin cire dubura ɗungurungum a 1908, amma duk da haka cutar takan dawo wa marasa lafiya da yawa. Sai a 1982 ne Bill Heald na Ingila ya nuna muhimmancin cire duburar tare da kitsen da ya lulluɓe ta da kaluluwar da ke cikinsa a dunƙule. Wannan dabara ta rage dawowar cutar a cikin ƙugu zuwa ƙasa da kashi 10 cikin 100 a ƙwararrun asibitoci.

Hanya ta biyu ita ce ta jini. Jinin da ke fitowa daga saman dubura hanta yake fara isa, na ƙasanta kuwa yana iya zarcewa huhu ba tare da ya bi ta hanta ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa hanta da huhu suka zama masaukin cutar na farko. Akasarin dawowar kuma takan auku ne cikin shekara biyu zuwa uku bayan aikin farko.

3.0 Matsayin Tiyata

Tiyata a wannan hali iri biyu ce, kuma wajibi ne iyali su san wadda ake shirin yi.

Ta farko ita ce ta neman waraka. Sharaɗinta shi ne a iya cire dukkan cutar, wadda ke ƙugu da wadda ta yaɗu, kuma majiyyaci ya kasance da ƙarfin ɗaukar aikin. Hanta tana da wata baiwa, wato takan sake tohowa, saboda haka ana iya cire wajen kashi biyu cikin uku nata muddin ragowar lafiyayye ne. A manyan cibiyoyi, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan aiki suna kaiwa shekara biyar a raye. Haka kuma ana yanke 'yan ƙananan ƙari daga huhu idan ba su da yawa. In kuwa cutar ta kama mafitsara ko mahaifa, akan kwashe kayan cikin ƙugu gaba ɗaya, aikin da Alexander Brunschwig ya bayyana a Amurka a 1948. Babban aiki ne ƙwarai, mai hatsari, kuma galibi akan gabatar da magungunan kashe ƙwayoyin sankara da gashin haske kafin a yi shi.

Ta biyu ita ce ta sassauci. Idan cutar ta bazu wurare da yawa, yanka ba zai kawar da ita ba, sai dai ya ƙara wahala. To amma idan hanji ya toshe, akan buɗe masa ƙofa a jikin ciki, bayan gida ya riƙa zuba a cikin wata jaka. Wannan ba waraka ba ce, amma yana mayar wa mutum da cin abinci da barci.

4.0 Matsalolinmu a Nan Gida

Mazaunin Goron Dutse yakan fara ne da Asibitin Murtala, daga nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Mutanenmu da dama sun je har Shika ta Zariya ko Abuja neman gashi. Ban da tsada da nisa, muna ganin cikas guda uku.

Na farko shi ne sunan basir. Duk jinin da ya fito ta dubura, basir muke kiransa, a yi ta shan jiƙo da gari wata da watanni. Binciken asibitocin Nijeriya ya nuna cewa yawancin marasa lafiya a makare suke zuwa, kuma ba su kai takwarorinsu na Turai shekaru ba.

Na biyu shi ne yanke zuwa asibiti da zarar miki ya warke. Alhali kuwa a shekarun farkon nan ne ake bukatar gwajin jini na CEA kowane wata uku zuwa shida, da hoton siti-sikan na ƙirji da ciki. Ƙarin hanta ba ya ciwo yana ƙarami. In aka jira sai ido ya yi shawara ko ciki ya kumbura, sau da yawa damar aiki ta wuce.

Na uku shi ne tsoron jakar bayan gida, saboda kunya da kuma batun tsarki. Hasali ma malaman fiƙihu sun daɗe da yin sauƙi ga mai lalurar da ba ya iya riƙewa, kuma masu wannan jaka suna salla, suna azumi bisa shawarar likita, har aikin hajji suna zuwa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa biyu daga cikin matsalolin nan na ilimi ne, ɗaya kuma na fahimtar addini, ke nan duk suna hannun malamai. Muna ba da shawara ga kwalejojin ilimi su sanya wannan batu cikin darasin kiwon lafiya na ɗalibai masu koyon malanta, a koya musu abu biyu: jinin da ya ƙi tsayawa a kai shi ga likita ya duba, wanda kuma aka yi wa aiki kada ya daina komawa asibiti har shekara biyar.