Buai: Ƙwallon Da Ya Gagari Hukumomin Port Moresby

A watan Oktoban 2013, gwamnan Port Moresby, babban birnin ƙasar Papua New Guinea, Powes Parkop, ya haramta sayar da buai da tauna shi a bainar jama'a. Hujjarsa ita ce jan miyau da masu taunawa ke tofarwa ya ƙazanta titunan birnin, kuma yana iya taimaka wa yaɗuwar tarin fuka. Dokar ba ta cika shekara huɗu ba aka janye ta a 2017.

Buai ɗa ne na bishiyar areka, 'yar dangin kwakwa da dabino, wadda ake nomawa daga Indiya har tsibiran tekun Fasifik. Matsayinsa a can ya yi kama da na goro a ƙasar Hausa: da shi ake tarbar baƙo, ake neman aure, ake sasanta rikici. Ana tauna shi tare da wani tsiro mai yaji da farar hoda da ake samu daga ƙona ɓawon halittun teku. Haɗuwar ukun ce ke rina baki ja, sinadarin arecoline kuma ya wartsake jiki, ya sa sabo. An ƙiyasta masu wannan ɗabi'a a duniya sun kai miliyan 600.

Sai dai illarsa ta wuce ƙazantar titi. A rahotonta na 2004, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙwallon yana haddasa sankara ko da ba a haɗa shi da taba ba. Yana kuma daskarar da naman baki har mutum ya kasa buɗe shi sosai. Papua New Guinea na sahun gaba a duniya wajen yawan masu sankarar baki.

Duk da haka haramcin bai yi tasiri ba, domin dubban iyalai da buai suke cin abinci, tun daga manoman karkara har matan da ke kasa shi a bakin hanya. Da aka kafa shingaye a mashigar birnin, farashi ya tashi, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, aka kuma rasa rayuka a arangama da jami'an tsaro.

Dokar ta kori 'yan tireda daga titi na ɗan lokaci, amma ba ta samar wa manomi wata sana'a ba, ba ta kuma raba mai taunawa da sabonsa ba. A yau buai na nan a kasuwannin birnin, likitoci kuma na ci gaba da karɓar masu gyambon baki.